Ayaba da Rawar Hannu

An yi ta yaɗawa a garin Ipoh wai ayaba na warkar da rawar hannu. Ban yarda ba, sai na zauna a rumfar mai ayaba ina saurare. Wani dattijo ya cika kwando, wata mata tana kallonsa, sai ta kira shi Pak Cik, wato kawu.

"Pak Cik, biri kake kiwo?"

"Matata ce, 'yar nan, hannunta na rawa. An ce sinadarin fotasiyam ta rasa, ayaba kuwa na da shi. Har na ɓoye maganin likita."

"Subhanallahi! Abin da nake bincike a kai ke nan. Cikin kowace ƙwayar halitta akwai 'yar tukunya mai narkar da shara. Tana da ƙofar da fotasiyam ke bi, don aikinta ya daidaita. A wasu masu ciwon nan ƙofar ce ta cije, shara ta taru."

"To, sai a ƙara ayaba!"

"In ƙofar gidanka ta cije, baƙi kake ƙara gayyata?"

Ya fashe da dariya. "Ita ma ta ce ta gaji, shinkafar kwakwa take so."

"Mak Cik, matar taka, ta fi ka hankali. Mayar mata da maganinta yau."

"Ayabar fa?"

"Ku soya ku ci. Abinci ce, ba ta buɗe ƙofar."