Za'afaran Sai da Jira

Direban babbar mota ya tsaya gaban teburin wata tsohuwa mai kayan yaji, ya miƙa mata 'yar kwalba.

"Iya, duba min za'afaran ɗin nan. A hanya na saya."

Ta jefa zare biyu a kofin ruwa. Nan take ruwan ya yi ja wur.

"Gemun masara aka rina maka, ɗan nan. Na gaske zare uku ne kacal a kowane fure, kuma a hankali yake sakin rawayarsa. Wa za ka ba?"

"Mai ɗakina. Tun da muka binne yarinyarmu ta daina magana. An ce yana rage damuwa."

"Ana faɗa. Likita ya gan ta?"

"Ƙanena ya kai ta. Ba ni na gasken in aika mata, kayan da zan ɗauka a mota na jirana."

"Ka aika? Ina gidan naka?"

"Nan bayan kasuwa."

Ta tsare shi da ido har ya sunkuyar da kai.

"Takalman yarinyar suna bakin ƙofa, Iya. Ba na iya shiga."

"Ita kuwa kullum sai ta tsallake su, ita kaɗai." Ta ƙulle masa kaɗan a takarda. "Da hannunka za ka jiƙa. Yakan ɗauki minti ashirin. Ka zauna kusa da ita, ku jira tare."

Ya daɗe yana juya mukullin motar. Sannan ya jefa shi aljihu, ya nufi bayan kasuwa.