Sawun Zazzaɓi a Jini

A bencin jira na asibitin gunduma, Buakham tana riƙe da kwandon shinkafar da mijinta ya kasa ci. Wani dattijo da ke gefenta ya dubi kwandon.

"'Yata, wa kike jinya?"

"Maigidana, Kawu. Wai zazzaɓin cizon ƙwaron ciyawa ne. Na gaya wa likitoci ba zai yiwu ba."

"Ashe da likita nake zaune."

"Ba wasa nake ba. Bara masu binciken jini sun zo ƙauyenmu, suka ce da yawanmu muna da sawun cutar a jini, wato mun taɓa yi mun warke. Shi yana da shi, ni ba ni da shi. Da lokacin saran gona ya zo, sai na ce shi ya shiga ciyawar, tunda cutar ta riga ta kama shi, ba za ta sake ba."

"Su masu binciken ne suka ce haka?"

"Ba su ce ba. Mu ma ba mu tambaya ba."

Dattijon ya ɗaga rigarsa, ya nuna tabo biyu a ƙarƙashin hammata, kamar ƙunar taba.

"Tabon cizon ƙwaron ne. Wannan ina saurayi. Wannan kuwa bayan na yi jika. Cutar tana dawowa, 'yata. Kun dai kawo shi da wuri?"

Buakham ta shafa farin zaren addu'a da ke wuyan hannunta.

"Tunda mun tabbata ba ita ba ce," in ji ta a hankali, "sai muka jira."