Ramar Da Na Yi Wa Bayi

'Yan'uwa, ina gaishe ku cikin sunan Yesu mai ceto. Ni ce Saratu ta Bagudo. Ban yi boko ba, na faɗa ne aka rubuta.

Kun san halina. Ba yaron da zai yi surutu a sujada in ƙyale shi. Ina duba 'ya'yan mutane, ashe nawa gidan ne ban gani ba.

Ɗana Ishaya yana kai kifi ƙetaren Benin. Wata rana ya shuka wani abu bayan ɗaki, tsakanin ramata. Ya ce, "Inna, ramar ƙetare ce, kada ki tsinka sai ta ƙosa." Ganyen kuwa yatsu-yatsu kamar namu. Ni da hannuna na yi ta ba ta ruwa, har taki na zuba mata!

Ranar da zan yi wa zumuntar mata kwaɗo na tsinko. Maƙwabciyata Hajara ta ɗanɗana, ta tofar. "Saratu, ina tsamin? Wiwi za ki ciyar da matan coci?"

Kunya ta rufe ni. Na tumɓuke shukar, na watsa wa Ishaya kayansa waje a gaban mutane, na ce kada ya ƙara kirana Inna. Ya ɗauki jakarsa ya ƙetare.

Damina huɗu ke nan. In babur ya tsaya a ƙofa sai in leƙa ko shi ne. Amma ko sunansa na ƙi sawa a addu'a, ina cewa tsarki nake karewa.

Bara ina cire ciyawa a wurin da na tumɓuke shukar, sai na durƙusa. Na ce, "Ya Yesu, yaron ya sha hayaƙi, ni kuma na ƙeƙashe. Fara da ni." Na yi kuka har Hajara ta leƙo.

Ubangiji ya kwance ni! Na aika wa Ishaya da busasshiyar rama ta hannun wani direba, na ce a gaya masa innarsa ce ta aiko.

Direban ya dawo da saƙo: Ishaya ya bar shan wiwi tun da azumin Ista, amma kunya ta hana shi zuwa.

Bai iso ba tukuna. Na gode wa Allah, yana da rai, kuma ya ce wa direban, "Ka gai da Inna." Iyaye, ku dogara ga Yesu, kada ku rufe ƙofa yadda na yi. Na share ɗakinsa, na wanke kwanonsa. Ku taya ni addu'a ya zo kafin ramar bana ta tsufa. Amin.