Motar Kwana Ɗaya a Zanzibar

A layin gwajin korona a unguwar Al Aziziya, can ƙasar Larabawa, inda mutum ke jin sirrin kowa ko bai nema ba, wata nas 'yar Jos ta leƙa takardar dattijon da ke gabanta.

"Baba, Zanzibar za ka? Hutu ne?"

"Kwana shida, 'yata. Iyalina Rukayatu za ta taso daga Kumasi mu haɗu a can. Shekara biyu rabona da ita."

"To kar ka yi hayar mota a filin jirgi, tsuga kuɗi suke yi. Shiga cikin gari ka ɗauki ƙarama mai giyar hannu."

"Haka na yi. Kuma ta kwana ɗaya na kama, ranar da za ta sauka. Sauran kwanakin mu shiga bas kamar kowa."

"Kwana ɗaya? Ai gara ka tari tasi, khalas, an gama. Ba kuɗin ajiya, ba cika tanki."

"'Yata, shekara goma sha ɗaya ina tuƙi a unguwar Al Gharrafa. Na kai matar kafil, wato maigidana, kasuwa, na kai 'ya'yansa makaranta, har kyanwarsu na kai asibiti. Rukayatu ba ta taɓa ganin hannuna a kan sitiyari ba. A waya kawai take jin wai mijinta direba ne. So nake ta zauna a kujerar gaba ta ce mini in rage gudu."

Layi ya matsa da mutum biyu, nas ɗin ta sake matsowa kusa da shi.

"Baba, ƙaramar da ka kama tana da AC?"

"Babu. Shi ya sa take da araha."

"Kira su ka canza. Nan ba wurin tsimi ba ne."