Gam Yana Ɗanye Muka Yi Shiru

Da sunan Allah nake farawa, wanda ya ba mu kunne ya kuma ba mu baki, ko da yake ba kullum muke buɗe bakin a inda ya kamata ba.

Mai girma shugaban ƙungiyar masu shagunan wannan layi, Baba Magini, wanda kujerarsa ke nan kusa da ni babu kowa a kanta, shi kuma yana can layin baya dab da ƙofa, ya riƙe sandarsa kamar mai jiran mota. Mataimakin shugaba, wanda ya ƙi hawa kujerar nan, Allah ya saka masa da alheri. Uwarmu Inna Ungozoma, wadda rabin mutanen ɗakin nan a hannunta suka fara kuka. Tela, Mai Aski, Direba, 'yan uwana a kwamitin lasifika. Iyaye mata, iyaye maza, da waɗanda suka shigo don sun ji ƙara daga titi: assalamu alaikum wa rahmatullah.

Baba, idan kana jina daga can, ɗaga sandarka. To, alhamdu lillahi. Jama'a ku shaida, yau Baba yana jin kowace kalma.

Ga wanda bai san ni ba, ni ne mai gyaran rediyo na shagon kusurwa, ni aka ɗora wa shugabancin kwamitin lasifika, kuma ni surukin Baba ne, 'yarsa nake aure. Ku riƙe wannan na ƙarshen, zai yi amfani nan gaba.

Godiyata ta farko ga Kafinta, wanda ya ara mana ƙarafan matsi, masu hannun murɗawa, kafin ya yi tafiya. Ina gode wa Tela da ya kawo duwatsun gugarsa, da mai facin taya da ya yanko mana roba, da matan da suka ara mana jarkoki cike da ruwa suka hana kansu wanki. Ina kuma gode wa Direba, wanda da nauyi ya yi ƙaranci, ya hau kan akwatin ya zauna da kansa, bai nemi a roƙe shi ba.

An ce in ba da bayanin aikin kwamiti. Zan bayar da shi yadda ya faru, abu uku.

Abu na farko, me ya sa muka sayi wannan kaya. Kowa ya sani an daɗe ana taro a ɗakin nan na gaba suna magana, na baya suna gyaɗa kai. Tsofaffinmu ba sa ji, Baba a cikinsu, har ta kai idan an ce a ɗaga hannu, sai su duba maƙwabci su ɗaga. Aka yanke shawarar a sayi lasifika. Haɗaɗɗiya ta fi ƙarfinmu, sai muka sayi wadda ke zuwa a kwance cikin kwali: akwati biyu, kowanne an yanka katakansa an yi musu tsagi, kai dai ka shafa gam, ka haɗa, ka matse, ka jira. A jikin kwalin akwai hoton wani mutum yana yin aikin shi kaɗai yana murmushi. Mu kwamiti guda muka tarar wa abin.

Kafin Kafinta ya tafi ya yi mana gargaɗi biyu. Ya ce, "Ku fara haɗa shi a bushe, ba gam, ku ga kowane katako ya san gidansa. In kuma kun shafa gam, kada ku tsaya hira, don nan da nan yake fara kamawa." Mun bi na farko. Muka haɗa akwatin a bushe ya tsaya cas, babban rami a ƙasa inda babbar lasifika za ta zauna, ƙaramin rami a sama, sandar da ke tokare cikin akwatin tana ratsawa tsakaninsu. Muka kwance, muka shafa gam, muka haɗa gefe da gefe, da sama da ƙasa da baya. Katakon fuska kaɗai ya rage.

Abu na biyu shi ne abin da ya tara mu yau. Kun san ɗabi'ar ƙungiyar nan tun kafuwarta: kowane aiki, babba ne ke sa hannun ƙarshe. Baba ya shigo daidai lokacin, ya manta gilashinsa a gida. Ya naɗe hannun riga, ya yi bisimilla, ya ɗauki katakon fuska, ya zaunar da shi a tsagi da ƙwarewar mutumin da ya yi rayuwarsa yana jera bulo. Ya zauna daram. Babban rami yana sama, ƙarami yana ƙasa.

Jama'a, na gani. Tela ya gani. Mai Aski ya gani. Direba, wanda yake iya hango ɗan akuya daga ƙarshen titi, ya gani. Gam kuwa yana nan ɗanye shar, da yatsa ɗaya za a ɗaga katakon a juya shi.

Kada a ce kwamiti bai yi ƙoƙari ba. Tela ya gyara murya ya ce, "Baba, katakon nan kamar yana da sama da ƙasa." Baba ya ce, "Kowane katako yana da su, ɗana." Mai Aski ya yi tari mai ma'ana, ya sake yi, Baba ya ce masa ya rage shan ruwan sanyi. Direba ya ce ko za a ɗan dakata a sha iska, Baba ya tuna masa abin da Kafinta ya faɗa kan hira. Ni kuwa, da nake suruki, wanda ko cin abinci ba na yi a gabansa, na yi iyakar abin da suruki zai iya: na jawo kwalin a hankali da ƙafa, na juya hoton ya fuskance shi. Baba ya dube shi ya ce, "Hoto mai kyau." Sannan ya ce, "Ku matse."

Muka matse. Ni na murɗa ƙarfen farko da hannuna, har gam ya tsattsafo ta bakin tsagi, fari, siriri, ko'ina daidai, yadda ake so. Tela ya bi da tsumma mai lema yana gogewa. Muka zagaye akwatin da roba, muka jera duwatsun guga, muka ɗora jarkoki, Direba ya hau. Muka auna kusurwa da kusurwa, babu inda ya karkace. Na yi shekaru ina aikin hannu, kuma ina shaida muku ban taɓa ganin kuskuren da aka yi wa aiki mai tsafta irin wannan ba.

Muka zauna muna kallon gam yana bushewa. Kowa yana jiran wani ya yi magana, kowa yana ganin akwai wanda ya fi shi cancanta. Muka yi hirar tsadar mai, muka yi hirar ƙwallo. Har fatar gam ta daina kama yatsa.

Washegari da hantsi muka taru a kwance matsi, Baba ya zo da gilashinsa. Inna Ungozoma ta leƙo za ta karɓi jarkarta, ta tsaya a bakin ƙofa, ta dubi akwatin sau ɗaya, ta ce, "Wane mai idon ne ya kifa wannan? Ga sanda ta ratsa babban ramin kamar sakata, ta ina lasifikar za ta shiga?"

Baba ya dubi akwatin, ya dubi hoton kwali, ya daɗe. Sannan ya dube mu ɗaya bayan ɗaya.

Ya ce, "Kun gani?"

Tela ya ce, "Mun gani, Baba."

Ya ce, "Tun yaushe?"

Na ce, "Tun gam yana ɗanye."

Bai yi faɗa ba. Da ya yi faɗa da mun ji daɗi. Ya sauke hannun rigarsa, ya ɗauki sanda, ya fita. Bayan kwana biyu ya aiko wa mataimaki cewa a nemi wani shugaban, kuma tun ranar bai sake taka ɗakin nan ba sai yau, shi ma don Inna ta je ta tsaya masa a ƙofar gida ta ƙi tafiya.

Na je gaishe shi a tsakanin nan, na durƙusa, na fara jero ban haƙuri kan akwati. Ya ce in bar maganar katako. Ya ce, "Lokacin da nake da amfani, har ihu ake yi mini a taron nan. Mahaifin Tela ya taɓa ce mini ƙarya nake a gaban kowa, muka fita muka ci abinci tare. Yanzu sai 'haka ne, Baba', 'gaskiya ne, Baba'. Kun riga kun ajiye ni, kuna dai gaishe ni." Jama'a, maganar nan ta yi mini ciwo, kuma ta yi ciwo ne saboda ban sami inda zan musa ta ba.

Wannan ya kawo ni abu na uku. Mutumin nan shi ya gina ɗakin da muke ciki. Manyanmu suna nan, su faɗa: ya taɓa sa aka rushe layin bulo guda na bangon can saboda ya kauce da faɗin yatsa, ana roƙonsa yana cewa gara a ji haushinsa yau da a yi kuka da shi gobe. Mutumin da bai taɓa barin karkataccen abu ya kwana ba, shi muka bari ya kifa fuskar akwati, muka kuma taya shi matsewa. Kuma ba ranar muka fara ba. Bara ya sanar da taro ranar Laraba alhali Alhamis aka tsayar, babu wanda ya gyara masa. Muka zo Laraba don kada ya zauna shi kaɗai, muka dawo Alhamis muka yi taron ba da shi ba. Mun kira wannan girmamawa. Mun yi ta da zuciya ɗaya, na yarda. Amma da zuciya ɗayar muka mayar da shugabanmu baƙo a ɗakin da ya gina, muna yi masa shimfiɗa, muna ɓoye masa abin da ke faruwa.

Game da akwatin, ga rahoton kwamiti. Gam ɗin ya kama kamun da ba ya sakewa. Mun gwada, katakon ne ya fara tsagewa. Sai na zura zarto ta ramin na yanke sandar, na sake kafa ta a inda ba za ta tare hanya ba, muka juya akwatin gaba ɗaya. Shi ya sa kuke ganin mariƙinsa yana ƙasa, an ɗora shi a kan bulo, ramin da aka yi don ƙafar tsayawa kuma yana kallon rufi. Wani ya riga ya soka tsintsiya a ciki, kwamiti yana roƙon a cire. Amma yana magana. Ta cikinsa muryata ke isa layin baya yanzu.

Akwati na biyu kuwa ga shi nan a kan tebur, a kwance, yadda ya fito daga kwali. Ga gam ba a buɗe ba, ga ƙarafan Kafinta, ga Direba ya ci ya ƙoshi. Mun ƙi taɓa shi, domin a ƙungiyar nan babba ne ke sa hannun ƙarshe, kuma ba mu da wani babban. Abin da kwamiti ya ƙara a kan tsohuwar ɗabi'a abu ɗaya ne: daga yau, duk wanda ya ga an kifa katako, ko wane ne ya kifa, ya faɗa da baki, da kalmomi, tun gam yana ɗanye. An hana tari. An hana tura kwali da ƙafa.

Tunda ni na kawo dokar, ni zan fara aiki da ita, Allah ya sa in kwana a gidana lafiya. Baba, Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ka yi kuskure. Ka zauna a inda ba wurinka ba. Wannan bencin na masu zuwa a makare ne, kai kuwa ba ka taɓa makara ba. Kujerarka ga ta nan. Kuma ka yi kuskure na biyu da ka ce a nemi wani shugaban, domin mun duba maganar, ba mu nema ba, ba kuma za mu nema ba.

Jama'a, a ba shi hanya. Mai Aski, janye ƙafarka. A'a, kada a riƙe shi, ya san hanyar, shi ya zuba daɓen.

Na'am, Baba? Ban ji ba, matso da bakinka ga abin maganar.

To, ga waɗanda ba su ji ba: shugaba ya ce bulon da na ɗora akwatin a kai ba su daidaita ba, na hagu ya fi na dama tudu, kuma tun daga bakin ƙofa yake kallonsu suna cinsa. Ya ce jawabina ma ya yi tsawo. Duka biyun gaskiya ne, kuma ban taɓa jin daɗin faɗa irin na yau ba.

Allah ya ja zamanin iyayenmu, ya bar mana su suna gyara mu muna gyara su. Allah ya ba mu ladabin da ba ya rufe baki, ya ba mu bakin da ba ya zubar da ladabi. Allah ya yi wa wannan layi da shagunansa albarka, ya mai da kowa gidansa lafiya, ya dawo da Kafinta ya tarar da ƙarafansa cif. Tela, miƙo gam. Baba, ga gilashinka, 'yarka ta ba ni in taho da shi.

Na gode.