Garwashi a Bakin Jirgi

Ku gafarce ni, ban taɓa rubuta labari ba, wannan ma ji kawai na yi. Ina zaune da littattafaina a ɗakin jiran jirgin ruwan tsibirinmu na yankin Shetland, a arewacin Scotland, sai mai yankan tikiti ya tsaya kan wata tsohuwa da ke rungume da tukunyar ƙarfe mai hayaƙi.

"Iya, a kashe. Ba a shiga jirgi da garwashi."

"Shekara casa'in murhunmu bai mutu ba. Mai ƙaura da wutarsa yake tafiya."

"Zuwa ina?"

"Gidan ɗana a birnin Lerwick."

"Gidan da babu murhu, sai lantarki? A aljihu za ki hura ta?"

"Ji marar kunya! A da, in mai gona zai kori ɗan haya, ruwa yake sheƙa wa murhunsa. Slocken ake cewa, wato kashe wuta. Ashe ya bar jikoki!"

"Ni na kore ki, Iya? Wa ya sayar da gidanki?"

Ta gyara murfin tukunyar.

"Ɗana yaron kirki ne. Ya ce in taho da duk abin da nake so."

"Ya san da tukunyar?"

Ta cire murfin tukunyar, ta ce:

"Kawo ruwan."

Na rungumi littattafaina na sulale kafin su lura da ni.