Ƙashin da ke cikin akwatina

Mai gabatarwa, barka da aiki. Ni ce Saratu, daga wani ƙauye gabas da Madawa.

Damanar bana ƙorama ta cika ta cinye rabin maƙabartarmu ta Kirista. Da ruwa ya janye munka tarar da ƙasusuwa warwatse cikin rairayi, duwatsun da munka jera kan kabarin babana duk sun tahi.

Ana cikin haka na ga wani shiri a tele, gidan fastonmu. Masu tonon kufai sun buɗe wani kabari na zamanin Yesu, sunka samu ƙashin diddige da ƙusa a ciki. Da na'ura sunka gane shekarun mutumin da irin mutuwar da ya yi. Na ce ashe ana iyawa!

Babana ya taɓa karyewa a ƙafa. Na tsinci wani ƙashi mai alamar ɗori, na naɗe a zane, na hau kabu-kabu sai asibiti, a duba mini ko nashi ne. Mai awon jini ya leƙa, ya ce, "Inna, rufe don Allah. Nan zazzaɓi muke dubawa." Na koma gida na aje ƙashin cikin akwatina.

Fasto ya ce ranar tashin matattu Allah ya san nashi. Na yarda. Amma ni ɗiya ce, ina son wurin da zan tsaya in yi kuka.

Masu saurare, ku ba ni shawara: da sunan wa zan binne ƙashin nan? Mai shekara dubu biyu an gane shi. Nawa baban, shekara bakwai kacal da rasuwa, ya ɓace.